Sakayyar Hambali

Whitechapel, Landan
9 ga Maris, 1975

Zuwa ga Kawu Uwaisu Jalo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hajjo da Sakinatu da sauran yara. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya. 'Yata Fatimah ta yi mura ta warke. Tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata magana da Turanci take ba ni amsa.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda ba mu taɓa haɗuwa ba sai ranar bikina da Almu da ranar da ka raka mu filin jirgin Kano. Amma mahaifiyata kullum tana tuna mini cewa kai ɗan ƙanen mahaifiyarta ne, kuma in abu ya taso wanda ya fi ƙarfin mata, kai ake nema. Na ga ta'aziyyar da ka aiko ta hannunta bara. Allah ya bar zumunci.

Dangi suna ta tambayar me ya hana ni dawowa tunda na fita takaba. Abu biyu ne. Ina son in ƙarasa koyon aikin ungozoma a asibiti, na je ofishin shige da fice a Croydon an ƙara mini biza. Sannan littafin da Almu yake rubutawa bai kammala ba ya rasu. Dakta Margaret, malamar da ke duba aikinsa a jami'a, ta ce in na buga mata babukan da tafireta za ta tsaya har a wallafa shi da sunansa. Kullum in na dawo aiki sai na zauna a kai.

Ga dalilin wasiƙar. Na ji wajen 'yan gida a masallaci cewa Abdulƙadir Hambali ya dawo Najeriya, yana neman aikin koyarwa a sabuwar kwalejin da ofishinku ke ɗaukar wa malamai. Shi ne ya raka Almu ƙasar Girka. Abin da ya yi mana ni da Almu ba zai faɗu a wannan takarda ba, tunda an ce mini akawunka ne ke buɗe maka wasiƙu. Amma ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Kawu, takardunsa ta hannunka za su bi. Ka saka masa a madadina, daidai da abin da ya yi.

'Yarka,
Hansai


Kaduna
20 ga Mayu, 1975

'Yata Hansai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same mu lafiya, ko da yake ta daɗe a hanya. Yanzu komai a cushe yake a Legas, daga siminti har takarda. Hajjo na gaishe ki, ƙafarta ce ke ɗan damun ta. Ruwa ya sauka, an fara shuka. Ki shafa mini kan Fatimah, ki ce mata kakanta ya ce in ba ta amsa da Hausa ba, babu tsaraba.

Maganar Hambali, ki kwantar da hankalinki, na yi yadda kika ce. Su da yawa suka nemi wurin, akwai ma waɗanda suka fi shi daɗewa a aiki, amma na tsaya masa a gaban kwamiti. Na ce wanda ya riƙe amanar abokinsa a ƙasar da ba su san kowa ba, zai riƙe amanar ɗalibai. An ba shi koyar da tattalin arziki, da gida a cikin kwaleji. Da ya zo godiya na ce ba ni zai gode wa ba, na ɗauko wasiƙarki na karanta masa inda kika ce ba za ki manta ba. Ya sunkuyar da kai, har gumi ya keto masa. Na ce a raina, ga yaro mai kunya, ba ya son a ambaci alherinsa.

Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Ba zan ɓoye miki ba, shi da Sakinatu sun fahimci juna. Kin san tana koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma ta sha korar manema, wannan ne na farko da na ga ta zauna tana saurare. Manyansa sun zo gaisuwa. In Allah ya yarda muna tunanin bayan Babbar Sallah. Ke ce sila, don haka ke ce ta farko da na gaya wa a dangi.

Wani abu kuma. Na daɗe ina jin kunyar tambaya: wai me Almu yake karantawa ne? An ce mini tarihin wani ƙauye ne na Girkawa. Mutane suna tafiya Ingila su dawo likitoci da injiniyoyi, shi kuma ƙauyen da ya mutu tun kafin Annabi Isa. Ba raini nake ba, Allah ya ji ƙansa, so nake in fahimta. Ki ba ni labarin garin.

Ki riƙa aiko wasiƙa ta akwatin gidan waya da ke bayan ambulan ɗin nan, ni kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa.

Kawunki,
Uwaisu


Whitechapel, Landan
6 ga Yuli, 1975

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna Hajjo, Allah ya ba ta sauƙin ƙafa. Ni da Fatimah lafiyar jiki muna da ita.

Wasiƙarka ta same ni na dawo daga aiki, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofar flat. Da na kai inda ka ce ya sunkuyar da kai, sai da na zauna a kan matakala. Kawu, ba godiya na aiko ka da ita ba. Cewa na yi ka rama mini. Na taƙaita don tsoron akawu, ka ɗauki maganata ka gina wa mutumin nan gida da ita.

Ka tambayi labarin garin. Zan ba ka, don ba za ka gane abin da ya kai su can ba sai da shi.

Sunansa Sikiyoni. Ƙaramin gari ne a bakin teku a arewacin ƙasar Girka, a kan wata doguwar ƙasa da ta shiga cikin ruwa kamar yatsa. Mutanensa suna cewa kakanninsu mayaƙa ne da ke komawa gida daga wani tsohon yaƙi, guguwa ta jefo su wurin, matan da suka kamo bayi kuma suka cinna wa jiragen wuta don kada a ƙarasa da su. Almu ya ce wannan tatsuniya ce, tarihi na gaba. Shekara ɗari huɗu da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa, manyan birane biyu, Atina da Siparta, suna yaƙi. Sikiyoni tana ƙarƙashin Atina tana kai mata haraji. Sai wani sarkin yaƙin Siparta ya shigo yankin yana cewa ya zo 'yantar da su. Suka yarda da shi, suka juya wa Atina baya, har suka ɗora masa kambin zinariya a ka. Ashe manyan biranen sun riga sun tsagaita wuta 'yan kwanaki kafin nan, labari ne bai iso ba. Mutanen Atina suka fusata, suka zauna a majalisa suka yanke cewa sai an hallaka garin. Suka zo da jirage, suka gina ganuwa ta kewaye shi, suka zauna jiran yunwa. Da aka zo rubuta sulhu, Siparta ta sa aka rubuta cewa a saki sojojinta da ke cikin garin su tafi gida. Mutanen garin kuwa, aka ce Atina ta yi yadda ta ga dama da su.

Alamar wannan ganuwa Almu ya je nema lokacin zafi na 1973. Hambali yana zaune a Dagenham, a gefen Landan, a lokacin, kowace Asabar a gidanmu yake cin tuwo. Shi ya roƙa a tafi da shi, wai zai huta ya ga teku. Soja ke mulkin ƙasar Girka, kowa a tsorace. Wata safiya suna kan tudu, Almu yana auna duwatsu, wani jirgin ruwan soja ya zo wucewa, Hambali ya ɗaga kyamararsa. Almu ya ce ya bari, ya ƙi. Kafin azahar 'yan sanda sun zo. Baƙaƙen fata biyu da taswira da kyamara suna fuskantar teku, suka ce 'yan leƙen asiri ne. A caji ofis Hambali ya ce kyamara da taswira duk na Almu ne, shi ɗan rakiya ne kawai, ya sa hannu a kan haka. Suka sake shi, ya hau jirgi.

Da a nan ya tsaya, da na ce tsoro ne, kowa yana da shi. Amma ya zo flat ɗin nan, ya zauna a kujerar Almu, na tuƙa masa tuwo ya ci. Ya ce mini, "Almu ya ce in gaya miki aikin ya fi yadda ya zata, zai ƙara 'yan makonni. Lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi, kullum kifi." Ya ɗauki Fatimah ya yi mata wasa. Asabar ta zagayo ya dawo, na ce shiru babu wasiƙa, ya ce ai ƙauyen ba gidan waya. Haka ya yi ta zuwa yana ƙaro mini labari, ni kuma ina zuba masa miya. Da ya buɗe baki a makon farko, da jami'a ta fito da Almu a mako na biyu.

Kusan wata biyu Almu ya yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ruwa na tsattsafowa daga bango. Malamin makarantar ƙauyen ne ya yi ƙarfin hali ya nemi jami'a ta waya, Dakta Margaret ta tashi ta je da kanta. Da na tarbe su a filin jirgi ban gane shi ba sai da ya kira sunana. Tari ya riga ya kama huhunsa. Ya shiga asibiti ya fito, ya sake shiga. A watan Fabrairun bara ya rasu. Hambali yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ban gaya wa kowa a gida ba, domin Almu ya ce in bar shi da Allah, kuma yana numfashi da ƙyar lokacin da ya faɗa, ban iya yi masa musu ba. Na bar shi, ga inda barin ya kai mu.

Kawu, ka dakatar da maganar auren nan. Akwai lokaci kafin Babbar Sallah. Ka ba Sakinatu wasiƙar nan ta karanta da idonta. Aikin da ka ba shi kuma ka karɓe, yadda ka bayar. Ina son ya tsaya a rana ba shi da wanda zai kira.

Hansai


Kaduna
17 ga Agusta, 1975

'Yata Hansai,

Ina fatan kuna lafiya ke da Fatimah. Mu nan lafiya, ko da yake kin ji a rediyo an yi juyin mulki a ƙarshen watan jiya. Ba a zubar da jini ba, alhamdu lillahi, amma an rufe filayen jiragen sama na ɗan lokaci, wasiƙu sun tsaya cak. Ina zaton shi ya sa ban ji daga gare ki ba.

Albishirinki. An ɗaura auren Sakinatu da Abdulƙadir ranar Juma'ar da ta wuce. Na ce miki sai bayan Babbar Sallah, amma shi ya matsa a yi kafin azumi, ya ce zaman gida shi kaɗai ya ishe shi. Manyansa suka goyi baya, ni ma ban ga dalilin ja ba. Mahaifiyarki ta zo daga Gombe, ita ce ma ta raka amarya. A wurin walima na tashi na gaya wa jama'a cewa wata 'yata da ke Landan ce ta nuna mini yaron nan, aka yi ta sa miki albarka.

Hajjo ta ajiye miki turmin atamfa na anko, za mu ba wani ɗalibi mai tahowa. Har yanzu ina jiran labarin garin nan na Almu.

Kawunki,
Uwaisu


Kaduna
12 ga Oktoba, 1975

Hansai,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Jikina da sauƙi yanzu. Na kwanta kwana biyu, likita ya ce hawan jini ne.

Wasiƙarki ta watan Yuli ta iso ana saura 'yan kwanaki a sha ruwa. Ambulan ɗin ya yi datti, da alama a cikin buhu ya kwana a wani wuri. Na karanta a gidan waya, na koma mota na sake karantawa.

Ban ce komai ba sai da Sallah ta wuce. Sannan na aika aka kira shi, na sa shi a falo na rufe ƙofa. Na ce, "Abdulƙadir, kyamarar da aka kama a ƙasar Girka ta wane ce?"

Bai tambaye ni wace kyamara ba. Ya ce, "Tawa ce, Baba."

Na ce, "Me ka gaya wa matar Almu da ka dawo?"

Ya ce, "Ƙarya na gaya mata. Sun nuna mini ɗayanmu zai zauna, na ji tsoro. Da na dawo kuma na ji tsoron in na faɗa, ofishin ɗaliban Najeriya zai janye ni daga karatu a mai da ni gida ba digiri. Kullum ina cewa Asabar mai zuwa zan gaya mata."

Na ce, "To gaggawar auren fa?"

Can ya ce, "Tun ranar da ka karanta mini wasiƙarta na san wata wasiƙar tana tafe."

Ban taɓa ɗaga wa ɗan wani hannu ba, amma ranar sai da na riƙe hannun kujera. Na ce ya fita. Na kira Sakinatu na ba ta wasiƙarki, yadda kika ce. Ta karanta, ta kwana biyu a ɗakin Hajjo ba ta ci abinci ba. Rana ta uku ta ɗauki mayafinta. Na ce ba wanda zai tilasta mata komawa, in tana son a raba zan raba. Ta ce, "Baba, ni na zaɓe shi, ni zan san yadda zan zauna da abin da na ji." Hajjo ta gaya mini daga baya cewa ta fara laulayi.

Kin ce in karɓe aikin. Ba zan ɓoye miki ba, bai taɓa yin sauƙi kamar yanzu ba. Sabuwar gwamnati tana tankaɗe da rairaya, an kafa kwamitoci suna karɓar ƙorafi, kullum da yamma ana karanta sunayen korarru a rediyo. In na so, magana ɗaya ta isa. Amma ba zan yi ba. Ba don shi ba. In aka kore shi, gidan da 'yata ke ciki za a karɓe, kuma sunan uban jikana za a karanta.

Na yi ta tunanin garin nan naku. Na san abin da kike nuna mini, sojojin da aka saki suka bar masu gari a cikin ganuwa. Na gani. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne mutanen Atina, da suka yanke hukunci a kan waɗanda labari bai iso musu ba. Ni da Sakinatu ma labari bai iso mana ba, Hansai.

Laifin karatun nawa ne, na ɗauka. Na hana shi shiga gidana. Ki bar shi a nan, don Allah, don zumuncin da kika kira ni da shi.

Kawunki,
Uwaisu


Whitechapel, Landan
9 ga Nuwamba, 1975

Kawu,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi, ka riƙa shan magani a kan lokaci, ka rage gishiri. Atamfar anko ta iso. Tana cikin akwati, ban buɗe ƙullin ba.

Wasiƙunka biyu a mako ɗaya suka zo, ta biki da ta Sallah. Na fara da ta biki. Ashe mahaifiyata ce ta riƙe hannun amarya ta kai ta ɗakin mutumin da ya kashe mata suruki, jama'a kuma suna sa mini albarka.

Ka ce ka hana shi shiga gidanka. Kawu, shi ke nan hukuncinsa? Zai tashi da safe ya shiga aji a kira shi Malam, ya dawo matarsa ta zuba masa abinci, ya ga ɗansa ya fara tafiya. Fatimah jiya ta tambaye ni ko babanta yana jin sanyi a inda aka kwantar da shi, tunda an fara ruwa.

Bari in ƙarasa maka labarin, tunda kai ma ka shiga ciki. Da garin ya faɗi, mutanen Atina suka kashe duk namijin da ya balaga, suka sayar da mata da yaran da suka samu, suka ba wasu mutane dabam gonakin. Shekaru da yawa bayan haka Atina ta sha kashi a yaƙin, aka tattaro 'yan tsirarun Sikiyoni da suka rage aka mai da su gida. Babin Almu na ƙarshe a nan ya tsaya, a tsakiyar jimla. Na nemi inda aka tambayi sojojin nan da suka fita lafiya, na duba duk takardunsa, na tambayi Dakta Margaret. Ta ce babu. Ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Sun koma gida sun tsufa. Wannan shi ne abin da nake bugawa da yatsuna tun bara, kuma ba zan buga shi in zauna in ga an maimaita a gidanmu ba.

Na rubuta wa kwamitin da kaina. Na faɗi abin da ya sa wa hannu a caji ofis, da ƙaryar da ya yi mini, da wadda ya yi wa ofishin ɗalibai da suka tambaye shi ina abokin tafiyarsa. Dakta Margaret ta rubuta shaidarta ta sa hannu. Ban ba gidan waya ba wannan karon, wani likita mai komawa Kaduna na ba, ya kai da hannunsa ranar Litinin da ta wuce. Kafin ka karanta wannan, tana gabansu.

Akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina. Za su tambayi yadda ya samu aikin alhali akwai waɗanda suka fi shi, shi ya sa na faɗi gaskiya: ni na rubuto, kai ka tsaya masa bisa kuskuren fahimta. Na san za su ga ya auri 'yarka. Na san abin da za su iya kiran wannan. Na zauna da takardar a jirgin ƙarƙashin ƙasa tun daga Whitechapel har gidan likitan ina tunaninka, da Sakinatu, da abin da ke cikinta. Na ƙwanƙwasa ƙofar na miƙa.

Ba na neman ka ce na yi daidai. In za ka yi fushi da ni ka yi, ka fi shi cancantar a ji tsoron fushinka.

Hansai


Dukku
4 ga Yuli, 1976

Hansai,

Ina fatan ke da Fatimah kuna lafiya. Kin ga inda nake rubutowa. Na dawo gidan mahaifina, na gyara ɗakuna biyu, na sa gero da wake a gonar bayan gari. Hawan jinin yana nan, ana lallaɓawa. Hajjo ba ta ce in gaishe ki ba, ba zan rubuta abin da ba ta faɗa ba.

Na daɗe ban amsa ba don ban so in rubuta cikin fushi. Ga yadda aka yi, tunda kina da haƙƙin ki sani.

Kwamiti ya kira mu kafin Babbar Sallah, shi da safe, ni da rana. Shi bai musa komai ba. Ni na nuna musu wasiƙarki ta farko, shugabansu ya karanta ya ce, "Malam Uwaisu, ko da godiyar ce, da wasiƙar 'yar uwa ake ba da aikin gwamnati?" Gaskiya kuwa ya faɗa. Rana ɗaya aka karanta sunayenmu a rediyo. Shi kora, saboda rashin gaskiya. Ni ritayar dole, saboda son kai da fifita suruki. Ina zaune da abokai a ƙofar gida aka karanta, kowa ya dubi ƙasa, ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da uzuri.

In kina son sanin ko ya ji a jikinsa, ya ji. An fitar da kayansu daga gidan kwaleji ɗalibai suna kallo. Ya nemi aiki wuri-wuri, duk inda ya je an riga an ji rediyo. Yanzu yana Kano a shagon wani ɗan uwansa a kasuwar Kwari, yana auna yadi. An ce ba ya zuwa masallacin unguwa, sai ya tafi inda ba a san shi ba. Ya rame ƙwarai. Abin da kika ce kina so ya same shi, ya same shi.

Mahaifiyarki ta zo nan da kanta. Tsohuwa, yayata, ta durƙusa a tsakar gida tana ba ni haƙuri. Na tashe ta na ce ba ita ta yi ba, kuma 'yarta ba ƙarya ta faɗa ba. Wannan kam zan faɗa ko'ina. Ba ki ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Amma ban iya ce mata "ba komai" ba.

Sakinatu ta haihu a watan Mayu, namiji. Ba ta bar mijinta ba. Ta koma koyarwa a Kano, albashinta ne ke riƙe su, a ɗaki biyu na haya a Fagge. Ba ta taɓa kare shi a gabana ba, ba ta kuma taɓa ambatar sunanki ba, sai makon jiya da ta zo da yaron. Gwamnatin jiha ta zaɓe ta cikin malaman da za su je kwas na shekara guda a Landan, a watan Satumba za su tashi. Za ta bar wa Hajjo yaron. Ta tambaye ni adireshinki, na hana ta. Da safe Hajjo ta same ta a ɗakina tana kwafe shi daga bayan ambulan.

Na tambaye ta me za ta je yi wurinki. Ta ce so take ta ga fuskarki tukuna. Ki san dai tana tafe.

Uwaisu Jalo